Koren dutsen da na saya ya tsattsage bayan gwajin wuta: zumurrudu ne ko an cuce ni?

Tambaya daga wani mai karatu a Garwa: "Na sayi koren dutse a hannun dillali kan cewa zumurrudu ne, kuɗin bijimina guda suka tafi a kai. Launinsa kamar ɗanyen mangwaro, haske yana ɗan ratsa shi. Abokai suka ce in sa shi a garwashi, in na gaske ne ba abin da zai same shi. Yanzu duk ya tsattsage. Hankalina a tashe yake."

Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Yadda ka siffanta shi, ya fi kama da koren ofal, wani dutsen ado ne daban da zumurrudu. Zumurrudu yakan zo a tsaye kamar guntun fensir mai gefe shida. Ofal kuwa dunƙule yake zuwa, ba shi da gefe, in ya fashe bakin fashin yana lanƙwasa kamar na kwalba, fuskarsa tana sheƙi kamar an shafa kakin zuma. Sinadarin nikel, wani nau'in ƙarfe, shi ke ba shi wannan kore, shi ya sa ake samunsa inda duwatsu masu nikel suka daɗe suna ruɓewa: tudun Haneti kusa da Dodoma a Tanzaniya, da yankin Silesiya na ƙasar Folan, da ƙasar Sabiya. Ana kuma fito da wani koren daga Madagaska. Na Peru ya fi karkata zuwa shuɗi, kuma jan ƙarfe ne ya rina shi.

Amma batun garwashin nan ne ya fi damuna, don kullum ana maimaita shi a bakin kasuwa kamar karatu. Wa ya ce dutse mai daraja ba ya jin wuta? Ofal yana ɗauke da ruwa a cikin jikinsa, galibi kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari. In ya ji zafi farat ɗaya, bayansa ya bushe ya tsuke alhali cikinsa bai motsa ba, sai ya dare ta ko'ina. Ko rana ce a gaban mota, ko bushewar hunturunmu, tana iya yi masa haka, balle garwashi. Kuma da zumurrudun ne na gaske, shi ma da ya lalace, domin cike yake da ƙananan tsaga da ɗigon ruwa da suka maƙale tun halittarsa. Wato gwajin yana hallaka na kirki da na banza baki ɗaya, sannan dillali ya samu bakin cewa kai ka ɓata kaya da hannunka. Masu ba da wannan shawara ba su taɓa asarar ko dala a kai ba, dukiyar wani suke ƙonawa. A ji tsoron Allah.

Gwajin da ba ya ɓarna yana wajen maƙeran zinariya. Auna dutsen a ƙaramin sikelinsu. Ɗora kofin ruwa, mayar da sikelin sifili, ɗaura dutsen da zare ka nutsar da shi ba tare da ya taɓa gindin kofin ba, ka karanta. Raba nauyin farko da na biyu: giram 10.5 a raba da 5 ya ba da 2.1, ofal ke nan. Kwalba tana wajen 2.5, zumurrudu 2.7. In akwai baƙon dutse manne da shi, lissafin zai karkace. Zarton ƙarfe ma yana kartar ofal, ba ya kama zumurrudu, sai dai shi yana barin tabo, don haka a gwada a ɓoyayyen gefe.

Tsagar da ta riga ta shiga ba ta haɗuwa. Mai da wasu ke shafawa ɓoye ta kawai yake yi, kuma sayar da shi haka ha'inci ne. Guntayen da suka tsira suna yin kan zobe ko ƙwayar carbi, sai dai kuɗinsu bai kusanci na zumurrudu ba. Ajiye su a inuwa cikin leda da ɗan auduga mai laima, sannan ka nemi shaidu biyu a maimaita awon a gaban dillalin kafin ka kai maganar wajen sarkin kasuwa.