Amsa ga ƙanina mai tambayar aikin tuƙin jirgi a Maldibs

Salamu alaikum jama'ar gida. Ƙanina na unguwar Asawase a Kumasi da ya yi tambaya shekaranjiya, kai da ka ce ka gama lasisin tuƙin jirgi a Afirka ta Kudu da awa 200 da 'yan kai, shekara 2 kenan kana zaune gida ba aiki, yanzu wani ya nuna maka hanyar aikin jirgin da ke sauka kan ruwa a Maldibs, ƙasar tsibirai da ke tekun Indiya, kana so ka ji ya rayuwar can take kuma ka tafi ko ka haƙura, yi haƙuri ban amsa da wuri ba ina kan aiki ne. Na ga wasu sun ce maka ai aljannar duniya ce ka tattara kawai. Su hoto suka gani. Ni shekara 4 na yi a can, daga 2017 zuwa 2021, kuma ɗan Aboabo ne ni, don haka kusan ƙofar gida ɗaya muke.

Aikin kansa dai wallahi ban taɓa yin tuƙi mai daɗinsa ba, har yau da nake kan jet. Jirgin Twin Otter ne ƙirar Kanada, inji biyu masu farfela, an cire tayoyin an ɗaura masa wasu kwale-kwale biyu a ƙasa, yana ɗaukar fasinja 15 ko kusa da haka. Ku uku ne a ciki, kaftin da mataimaki da yaron da ke kula da fasinja da igiya. Gajeren wando za ka sa, takalmi kuwa da ka shiga sai ka cire, da tafin ƙafa ake taka feda, ranar farko ni kunya ma na ji, na ce duk kuɗin da tsoho ya kashe a kaina ƙarshenta ga ni ba takalmi kamar mai kamun kifi a Yeji. Ba iyakwandishan, ƙara kamar kana cikin injin niƙa, kuma hannunka ne ke tuƙi daga tashi har sauka. Rana ɗaya sai ka sauka sau goma ko fiye, ka kwashi 'yan yawon buɗe ido daga filin jirgin Velana ka rarraba su otal-otal a tsibirai, ƙasar tsibiri kusan 1,200 gare ta kuma ba tudu ko ɗaya, duk a shafe suke da ruwa.

Abin da makaranta ba ta koya maka ba shi ne a kan ruwa ba birki. Ka sauka lafiya lau amma jirgi bai tsaya ba, iska na tura ka nan igiyar ruwa na jan ka can, ga ɗan dandalin katako yana lilo a tsakiyar teku wai nan za ka faka, sai ka dinga wasa da injin hagu da na dama kana mayar da farfela baya har yaron nan ya yi tsalle da igiya ya ɗaure. Sai da na yi wata uku ina zufa a kan wannan kaɗai. Sannan ranar da teku ya kwanta luf kamar madubi, wadda baƙi ke ta ɗaukar hoto, ita ce ranar da muke tsoro, don ido ba ya iya gane nisan ruwan, kana ganin saura kaɗan ashe ka riga ka iso. Daga wajen watan 5 zuwa na 11 kuma damina ce, hadari ya taso baƙi ƙirin gabanka dole ka kewaye ko ka sauka wani tsibiri ka jira, tunda da ido ake tuƙin nan. Shi ya sa ba a tashi da dare sam. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6 kamar nan gida, duk inda magariba ta same ka nan za ka ɗaure jirgi ka kwana. Ka riƙe wannan maganar, zan dawo kanta.

Zaman gari kuma, a Hulhumale na zauna, tsibiri ne da aka cike teku aka yi shi, yana manne da filin jirgi. Male babban birnin kuwa ka ɗauki cunkoson kasuwar Kejetia ka zuba a wuri ɗan mitsitsi ka kewaye da ruwa, babura ko'ina, haya tsada kamar me. Da na je da jirgin ruwa ake tsallakawa, sai 2018 aka buɗe gadar da Sin ta gina. Ta wajen addini hankalinka kwance, ƙasar Musulmi ce gaba ɗaya, ana kiran salla shaguna na rufewa, Juma'a da Asabar ne hutunsu, giya sai a otal ɗin baƙi. Sai dai 'yan Shafi'iyya ne, asubar farko liman ya ɗago daga ruku'u na biyu na yi ƙasa zan yi sujada sai na ga kowa tsaye hannu sama ana ƙunutu a bayyane ana amin, na miƙe a hankali kamar ba ni ba.

Abinci ne ya fara karya ni. Kifi da safe kifi da rana kifi da dare. Karin kumallonsu sunansa mashuni, kifin tuna ne da kwakwa da albasa da barkono a ci da wata 'yar gurasa roshi, yana da daɗi gaskiya amma sati uku a jere sai ka fara mafarkin koko da ƙosai. Ba doya, ba tuwo, waken da za ka dafa waakye (shinkafa da wake) ma sai ka yi yawo, kusan komai daga waje ake shigo da shi. Hausa kuwa in ba a waya ba ban yi ta da kowa ba, abokan aiki 'yan Kanada ne da Indiya da Siri Lanka da 'yan ƙasar masu yaren Dibehi, mutanen kirki amma ba wanda za ka zauna da shi a benci bayan isha'i ana shan ataya ana gardamar ƙwallon Kotoko. In ka tashi aiki ka zaga tsibirin a ƙafa ka dawo inda ka fara, gobe ma haka.

To yanzu maganar da ta sa na zauna rubuta wannan dogon abu. Maldibs suna gabanmu da awa 5. Ranar da Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, bayan asuba ne a nan Kumasi, ni lokacin ina sama waya a kashe cikin jaka, ina ta sauka ina tashi ban sani ba. Sai da muka yi saukar ƙarshe a wani tsibiri can kudu muka ɗaure jirgi na kunna waya na ga kira ya fi ashirin daga yayata. Na kira ta ce an yi masa wanka, bayan azahar za a kai shi maƙabartar Tafo. Azahar ɗin Kumasi ita ce magaribata. Ina zaune a kan katakon nan ƙafata a ruwa, ga jirgi a gefena da mai a ciki yana ta lilo, ni ne matuƙinsa kuma ba halin in tashe shi ko zuwa Male, ƙanina na jini ya riƙe min waya a maƙabarta ina kallo hoton na yankewa yana dawowa, a bayana Turawa na cin abincin dare ana kiɗa. Washegari na koma Male, na hau jirgin Dubai awa 4, na kwana a filin jirgi, awa 8 zuwa Ankara babban birninmu, na hau na Kumasi. Sadakar uku na tarar. Hajiya ba ta ce min komai ba, ta dai kama hannuna ta riƙe, kuma har yau da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Ban faɗa maka don ka fasa ba. Ni ra'ayina ka tafi, zaman shekara 2 ba tashi ya fi komai lalata matuƙi, hannu na mutuwa lasisi na tsufa kuɗin sabunta shi da na likita na cin aljihun gida. A can awoyi na taruwa da sauri kuma na inji biyu ne, da dala aka biya ni, da shi na rufa ginin Hajiya na aurar da ƙanwata. Amma ka tafi da ranar dawowa a ranka, in ka haɗa awa 1,500 na babban lasisi ka fara neman gaba, domin tuƙin ido ne, kamfanonin jet kuma na na'ura suke tambaya, ni sai da na sake biyan kuɗin simuleta, na'urar gwajin tuƙi, na goge abin da na manta kafin na ci intabiyu. Na ga waɗanda suka ce shekara 2 za su yi, ga su nan har furfura. In kana da niyyar aure kuma ka yi lissafi tun yanzu, kawo iyali can sai mai ƙarfin aljihu.

Kwantiragi ka karanta shi da kyau, ka ba wani babba ya sake karanta maka. Nawa akwai sharaɗin in na bar aiki kafin wa'adi zan biya kuɗin horon da suka yi min, na sani na sa hannu, amma hutun gaggawa na rasuwa ban duba ba, tikitin da na zo da shi ta'aziyya daga aljihuna ya fita kuma aka cire kwanakin daga hutuna. Lokacin korona a 2020 da aka rufe ƙasar daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Yuli baƙi suka ɗauke ƙaf, albashi ya zube, ga filin jirgin Kotoka na Ankara shi ma a rufe har Satumba, muna zaune muna kallon jirage a ɗaure. Sannan wanda ya nuna maka hanyar nan in ya ce ka tura masa kuɗi ta momo, wato ta waya, kafin ka ga takarda daga kamfanin da kansa, kar ka tura ko sidi ɗaya.

Ka tambayi Hajiyarka tukuna, ka gaya mata zancen awa 5 ɗin nan da kwana biyun hanya yadda na gaya maka, kar ka rage komai. In ta sa albarka ka turo min takardar ta akwatin sirri in duba maka. Shito kuma, yajin nan namu na mai, a roba za ka zuba ka naɗe da leda biyu, nawa a kwalba na sa ya fashe cikin fararen rigunan aiki.