Kebul ɗin Cat6 zai kai mita 140?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan kafa kyamarar tsaro a ƙofar shiga, tsakaninta da ɗakin na'urori mita 140. Kebul ɗin sadarwa na Cat6 ɗaya zai kai, ko sai da rifita, wato na'urar da ke sabunta sigina a hanya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka dogara da kebul ɗaya. Ƙa'idar shimfiɗa kebul ɗin sadarwa, TIA-568, ta tsayar da iyaka a mita 100: 90 na babban kebul da ake bi da shi ta bango, 10 na gajerun wayoyin haɗi a ɓangarorin biyu. Cat5e da Cat6 duk iyakarsu ke nan a gudun gigabit 1. In gigabit 10 ake so, Cat6 ba ya wuce kusan mita 55, sai dai Cat6A.

Dalilin kuwa, sigina na raguwa yayin da yake tafiya cikin jan ƙarfe, zafi kuma na ƙara rage shi. Abin da ke yaudarar mutane shi ne fitilar da ke nuna na'urori sun haɗu kan kama ko a mita 130, sai a ɗauka an gama. Daga baya gudun ya faɗo zuwa megabit 100, hoto ya riƙa tsinkewa. Kyamarar da ke shan wuta ta cikin kebul, wato PoE, ta fi fitina da dare: da zarar fitilunta na ganin duhu sun kunnu, wutar ta gaza, kyamarar ta mutu ta sake tashi. Kebul na alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe, mai tambarin CCA, ya fi saurin jawo wannan, ka guje shi.

Rifita irin ta da ta zama tarihi. Yau ƙaramin suwic, wato na'urar haɗa kebul-kebul na sadarwa, ake sawa a tsakiya, ya karɓi sigina ya sake fitar da shi sabo, lissafin mita 100 ya faro daga farko. A naka, sa shi wajen mita 70. In babu lantarki a wurin, nemi na'urar tsawaita PoE, wadda ke shan wutarta daga kebul ɗin, amma ka tabbata abin da ya rage zai ishi kyamarar.

In layin zai ratsa fili tsakanin gini biyu, faiba, wato kebul mai ɗaukar sigina ta hanyar haske, ta fi, da na'urar juya sigina a kowane ƙarshe. Tsawa ba ta bin ta, tana kuma kai ɗaruruwan mitoci. Sai dai ba ta ɗaukar wuta, dole ka kai wa kyamarar lantarki daban.