Muryar Baba mai taya kan Michelin: daga facin keke har Fatakwal

(Na rubuto muryar da Baba ya turo daren jiya saboda masu cewa datarsu ba ta kai su saurara ba. Yadda ya faɗa haka na sa.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ciyaman, Allah ya ƙara girma. 'Yan'uwa barkanmu da dare. Tun la'asar nake jin waya na ƙara, ban samu zama ba sai yanzu da muka shigar da kaya. Magana biyu na tsinta cikin hayaniyar taku. Ƙanenmu mai lodin Jibiya ya tambaya wai Michelin ɗin nan na wace ƙasa ne, mi ya sa kuɗinta ya fi na kowa, kuma wane ne wanga ƙaton farin mutum mai tumbi da ake ɗaurawa a goshin tirela. Sai Malam na Ƙofar Marusa ya ce shi da ya sa sabuwa 'yar China gara ya sa Michelin 'yar Baljiyam, wato ta gwanjo, wai da tsohuwar zuma ake magani. To Malam, zan zo kanka, bari in sallami yaron tukuna.

Kamfanin Faransa ne. Garinsu Clermont-Ferrand, can tsakiyar ƙasar, kuma har yau hedikwatarsu na nan ba ta tashi ba. Wa da ƙane ne suka riƙa shi, André da Édouard Michelin, a 1889. Lokacin ko taya ba su yi. Ƙaramar masana'anta ce ta danginsu da ta kusa durƙushewa, ana yin kayan roba da kayan noma, da robar birkin keken doki.

Wanda ya fara fito da tayar iska kasuwa ba su ba ne, kada a ci haƙƙin mutum. John Boyd Dunlop ne, likitan dabbobi a Belfast, ya haɗa ta don keken ɗansa, ya yi mata rajista a 1888. Amma tayar tasa da gam ake manne ta jikin wili. Ku da kuka san aiki ku auna. Yau in ka yi faci, yaro zai zare tiyub, ya buga mata iska, ya tsoma ta cikin ruwan daro yana juyawa har ya ga inda take tartsatsin kumfa, ya kankare wurin, ya shafa gam, ya ɗora faci ya danne da wuta. Kafin ka gama shan shayi an ɗaure maka. A wancan zamani ba haka ba ne. Wani mai keke ya shigo masana'antar su Michelin da irin tayar nan ta manni ta fashe, aka kwashe fiye da awa uku ana fama, sannan aka bar ta ta kwana don gam ya bushe. Da safe Édouard ya hau ya gwada, bai yi nisa ba ta sake sacewa. Amma ya riga ya ji laushin da iska ke bayarwa a kan duwatsu, ya gane abin nan na da kasuwa, gyaransa ne kawai azaba. A 1891 suka yi rajistar tayar da ake kwancewa a mayar cikin kamar minti goma sha biyar.

Kun ga asalin arzikinsu kenan, matsalar mai faci. Ba wai sun fi kowa ƙirƙira ba. Sun dubi abin da ke ɓata wa mai tafiya rai ne suka kashe shi.

Kuma mutanen sun iya talla, wannan kam a ba su. A shekarar nan ta 1891 aka yi tseren keke daga Paris zuwa Brest a dawo, kusan kilomita 1,200, wato ya ɗara Katsina zuwa Legas. Suka ɗaura wa wani Charles Terront tayarsu, ya cinye cikin kwana uku, ya ba na biyu ratar awoyi. A 1895 suka ce sai mota. Masu ƙera motoci suka ƙi yarda, don a ganinsu iska ba za ta ɗauki nauyin ƙarfe ba. Sai suka haɗa tasu motar a kan ƙirar Peugeot, suka shiga tseren Paris zuwa Bordeaux a dawo da kansu. Ba su ci ba, sun sha faci har sun gode Allah, amma sun kai ƙarshe, kuma abin da suke so a gani kenan.

Shi kuwa mai tumbin, sunansa Bibendum. Tulin tayoyi suka gani a jibge a wani bajekoli a Lyon a 1894, ɗayansu ya lura in aka sa masa hannuwa mutum zai zama. A 1898 aka zana shi, yana ɗaga kofi cike da ƙusoshi da fasassun kwalabe, wai taya tasu tana shanye duk abin da hanya ta watso. Farin da kuke gani ba ado ba ne. Tayoyin lokacin farare ne ko toka-toka, sai daga baya aka fara zuba baƙin garin gawayi na masana'anta cikin roba don ta ƙara ƙarko, taya ta koma baƙa, shi aka bar shi da farinsa.

Kai, yaro, rufe wancan ƙyauren, ka kashe kwamfiresa. Afuwan jama'a.

Akwai wata dabara tasu da nake yawan ba yarana labari a shago. A 1900 duk Faransa motocin da ke cikinta ba su kai 3,000 ba. Mai sayar da taya kuwa ba ya cin abinci sai taya ta suɗe, taya ba ta suɗewa sai an yi tafiya. Sai suka buga ɗan littafi mai jan bango, kwafi 35,000, suka raba kyauta: ga inda za ka sha mai, ga makanike, ga masauki, ga yadda ake canja taya. Suka bi da taswirar hanyoyi, suka matsa wa gwamnati a sa wa tituna lamba. Daga 1926 suka fara ba gidajen abinci tauraro. Yau manyan kuku na duniya kuka suke in an cire masu tauraron Michelin, da yawan masu ci a wuraren nan ba su ma san kamfanin taya ne ke rabawa ba. Duk don a fita yawo taya ta ci ƙasa.

Amma abin da ya mai da su ƙato na gaske, wanda ya shafi kuɗin da ƙanenmu ke kuka da shi, shi ne radiyal. Dubi jikin tayarka za ka ga an rubuta kamar 195/65 R15. Wannan R ɗin ita ce. Da can zaren cikin taya a karkace ake jera shi, wani shimfiɗi ya haye wani kamar saƙar tabarma. In tana gudu sai zaren ya riƙa gugar juna, taya ta ɗauki zafi, haƙoranta su riƙa murzar kwalta suna cinyewa. Su sai suka miƙar da zaren tsaye, daga wannan baki na wili zuwa wancan, sannan suka ɗaura ɗamarar wayar ƙarfe ƙarƙashin haƙoran. Gefe ya yi laushi yana lanƙwasa, ƙasan da ke taka hanya ya zauna daram. Zafi ya ragu, mai ya ragu, taya ta ninka kwana. Wayar nan da kuke gani ta leƙo in taya ta gama suɗewa, har ta yanki hannun yaro, ita ce ɗamarar. Sun yi rajistar abin a 1946, suka fito da shi kasuwa a 1949 da sunan Michelin X. Kuma suna da inda za su ɗaura, don tun wajen 1935 kamfanin motocin Citroën na hannunsu, bashin taya ya ci shi suka karɓe.

Kamfanonin Amurka suka yi ta noƙewa shekara da shekaru. Canja injinan masana'anta kuɗi ne, kuma wa ke son sayar da tayar da ba za a dawo saye da wuri ba? Sai da rikicin man fetur na 1973 ya zo, kowa ya koma lissafin lita, sannan suka farka, an riga an yi masu nisa. Michelin ya je har gidansu Amurka ya kafa masana'anta a South Carolina, a 1990 kuma ya saye Uniroyal Goodrich, kamfanin da ke yin tayar BFGoodrich. Saboda haka BFGoodrich ɗin da kuke gani ƙarƙashin Hilux na manya, gida ɗaya ne. Yau su da Bridgestone na Japan ke kokawar wa ke kan gaba a duniya, ma'aikatansu sun haura dubu ɗari.

Kada ku ce Baba ya zama maroƙinsu. Robar da aka gina arzikin nan da ita ba a Faransa take tsirowa ba. Suna da manyan gonakin roba a Biyetnam zamanin mulkin mallaka, kuma leburorin wurin sun ga taskun duniya, har suka tayar da yajin aiki a 1930. Wannan ba a sa shi a kalandar da suke rabawa.

To mu zo gida, nan ne abin ke min ciwo. Yaran yanzu ba su san a ƙasar nan an taɓa yin Michelin ba. Masana'anta guda a Fatakwal, tun farkon shekarun 1960. Dunlop kuma tasu na Ikeja. Roba daga kudu take zuwa, Edo, Delta, Ondo, ba sai an haye teku ba. Da aka buɗe wurin haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, sai ya zama 504 ɗin da ke ɗaukar mutane Katsina zuwa Kano, haɗin Kaduna ce, tayar ƙasanta ma ta gida. Mu da muka taso a sana'ar lokacin, sabuwar taya a naɗe cikin takarda muka sani, mai ƙanshin roba. Gwanjon taya abin kunya ne.

Michelin suka rufe Fatakwal a 2007, Dunlop suka daina yi a 2008. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Dafa taya aikin wuta ne da tururi, ba a ɗauke maka lantarki tana cikin tukunya, sai ka ga masana'anta ta koma kan janareta dare da rana. Ana cikin haka aka sauke kuɗin fito na tayoyin manyan motoci daga kashi 40 zuwa kashi 10 cikin ɗari. Wanda ya shigo da ita daga Asiya ya fi wanda ya yi ta a gida riba, to wa zai zauna? Har yau ana tsagar itacen roba a kudu, a loda a jirgi, mu kuma mu saye ta da dala bayan ta zama taya. Rabin amsar tsadar da ka tambaya kenan, ƙanena. Ɗaya rabin, kuɗin bincike ne da kuɗin suna.

Shi Dunlop ma labarinsa daban. Uwar kamfanin a Ingila ta ruguje tun 1985, aka yi watandar sunan, wannan yanki na wane, wancan na wane. A 2025 Goodyear ya sayar wa Sumitomo na Japan kason da ke hannunsa. Wato kana iya ganin suna ɗaya a jikin taya biyu, masu su daban, ƙasar da aka yi su daban. Ku riƙa juya taya kuna karanta inda aka yi ta.

Yauwa, Malam, na iso kanka, kuma da girmamawa nake faɗa. Zuma ba ta lalacewa, roba tana yi. Ko ba a taɓa hawanta ba, tana ajiye tana bushewa. Gobe in ka fito masallaci ka durƙusa gefen motarka, ka nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin har ƙarshe, za ka ga lamba huɗu cikin ɗan zagaye. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2316, an yi ta sati na 23 a 2016. 'Yan Rod Sefti shekara huɗu suke lissafawa daga ranar. Shi kansa kamfanin Michelin cewa ya yi in ta kai shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai goma a cire ko da haƙoranta na nan. Mai abu ma bai yarda da tsohuwar zumarsa ba. Sannan ka danna gefen da babban yatsa, in ka ga ƙananan tsaga sun buɗe, ta gama, komai baƙin man da aka shafa mata ta yi sheƙi. Wasu ma har sabon haƙori ake yanka masu da wuƙa mai zafi, a ƙara kusantar da kai ga waya. Kuma a dokance gwanjon taya na cikin kayan da aka hana shigowa da su, ku da ke bin hanyar Maraɗi kun fi ni sanin ta inda take ɓullowa.

Wani abin da ba a faɗa maku shi ne, da yawan 'yan Baljiyam ɗin nan tayar hunturu ce. Ka duba za ka ga zanen ɗan dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a cikinsa. An yi robarta da laushi don ta kama hanya cikin sanyin Turai. Ka ɗauko ta ka ɗora kan kwaltar Charanchi zuwa Kankiya a watan Afrilu, ƙarfe biyu na rana, mutum tara cikin Golf da buhuna a but, ga mai faci ya ɗura mata iska har sai da ya buga da ƙarfe ya ji ta yi ƙara. Iskar da ta dace na rubuce jikin ƙofar direba, kuma da safe ake gwadawa kafin taya ta yi zafi.

Ni dai in mai Sharon ya zo min da kuɗin da ba su kai sabuwar Michelin ba, sabuwa 'yar China mai kwanan wata na bana nake miƙa masa, in ce ya rage gudu da lodi. Cikin 'yan Chinar ma akwai na kirki akwai tarkace, wannan sai an zo shago in nuna a hannu, ba zan kira suna a guruf ba. Malam, ka ɗauko hoton lambar nan huɗu ta tayoyinka na gaba ka turo mu gani. Wassalamu alaikum.