Hon ɗin motata ya ɗauke, in sayi sabo ne?

Tambaya: Salam Malam, don Allah a taimaka min da shawara. Hon ɗin motata ne ya daina yi, da farko sai na ɗan murɗa sitiyari gefe sannan yake ƙara, yanzu kuma ko na danna da ƙarfi shiru kake ji. Mai wayarin ya ce kawai in sayo sabo a ɗaura. In saya? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam kar ka saya tukuna, don yadda ka kwatanta ɗin nan ni ban ga laifin hon ɗin ba, amma bari mu bi abin daki-daki.

Fara da fis. Buɗe akwatin fis, a bayan murfinsa akwai zane da zai nuna maka na hon, galibi mai amfiya 10 ne ko 15. Zaro shi ka ɗaga a haske, in ɗan siririn ƙarfen ciki ya tsinke to ya ƙone, sa wani mai lamba iri ɗaya. Masu cusa waya ko takardar sigari a gurbin fis don Allah su daina, haka ake ƙona wayarin mota. In sabon ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ta goge tana taɓa bodi.

In fis lafiya lau, sa wani ya riƙa danna hon kai kuma ka kasa kunne a wajen rile, wato ɗan makunnin da ke sakar wa hon wuta, galibi a cikin akwatin fis yake. Ka ji ƙas-ƙas? To saƙo yana fitowa daga sitiyari, matsalar tana gaba, ko rilen ne ya gaji, sai ka musanya shi da wani irinsa sak da ke cikin akwatin ka gwada, ko kuma hon ɗin kansa, wanda yake can gaba kusa da lagireto inda ruwa da laka ke dukansa kullum. Cire soket ɗinsa ka duba, sau da yawa za ka tarar bakin ya yi kore ko tsatsa ta cinye wurin da aka ɗaure shi da bodi, sanfefa kaɗan ta gama aikin. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a ja waya daga batir mai bolt 12 kai tsaye zuwa hon, in ya yi ihu to lafiyarsa ƙalau.

Amma naka fa, maganar murɗa sitiyarin nan ita ta tona asiri. A bayan sitiyari akwai wata waya mai faɗi kamar zaren kaset a nannaɗe, masu gyara na ce mata kilok sifirin, ita ke kai wuta maɓallin hon da jakar iska (wadda ke buɗewa ta kare direba in an yi haɗari) duk yadda sitiyari ya juya. In ta fara tsinkewa sai hon ya riƙa yi yana ɗaukewa, daga baya ya mutu gaba ɗaya, kuma rile ba zai yi ƙas ba sam. Duba dashbod, in fitilar jakar iska ta kama ko maɓallan sitiyari sun daina aiki, to ita ce.

Wannan kam ba aikin gida ba ne, jakar iska tana iya fashewa a fuskar mutum. Kai wa wanda ya san aikin, ka tabbata ya cire kan batir ya jira 'yan mintuna kafin ya taɓa sitiyarin, kuma tayoyin gaba su kasance a miƙe lokacin ɗaura sabuwar, in ba haka ba kwana ɗaya mai zurfi za ka sha ta sake tsinkewa.