Tambaya da Amsa: Ina zan kai yara a kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kano?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a Ƙaura Namoda. Idan Allah ya kai mu hutun ƙarshen zango zan je Kano da 'ya'yana biyu, kuma za mu sauka a gidan ƙanena da ke kusa da tashar jirgin ƙasa. Yini ɗaya kacal nake da shi na zagayawa, ba ni kuma da mota. Waɗanne wurare ya kamata in kai su, waɗanda ba su da nisa kuma ba za su ci kuɗi da yawa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Masaukinka ya yi daidai, domin tashar tana wajen ganuwa ne ta gabashin birni, kuma kusan duk abin da ya cancanci gani yana kan hanya ɗaya wadda ta tashi daga nan ta ratsa tsohon birni har zuwa Dutsen Dala, ta yadda a-daidaita-sahu zai ishe ku. Shawarata ita ce kada ka ce sai kun ga komai, ka zaɓi wurare uku ko huɗu ku tsaya a cikinsu da kyau.

Ku fara da tashar kanta, ko da daga waje ne. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma shi ne ya mayar da gyaɗa babbar hajar Arewa, har aka riƙa jera buhunanta dala-dala ana jiran taragu, a zamanin su Alhaji Alhassan Ɗantata. Yaranka suna da alaƙa da wannan labari fiye da yawancin baƙi, tunda reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau a garinku ya tuƙe, a 1929, kuma gyaɗa da auduga ne suka jawo shi. Kasuwar Kantin Kwari tana kusa, amma da yara a hannu ba na ba da shawarar shigarta, sai dai idan uwargida ta ba da saƙon atamfa.

Wurin da nake so ku daɗe shi ne marinar Ƙofar Mata, wadda masu ita ke lissafin kafuwarta daga 1498. Ku je da hantsi, lokacin da marina ke bakin karofi, wato ramukan rini, domin yara su ga yadda ake haɗa baba da toka a ruwa a bar shi ya yi kwanaki kafin ya nuna, su kuma ga abin da ke ba kowa mamaki a karon farko, wato ƙyalle ya fito daga rami da launin kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonka. Ana tsomawa ana ɗagawa sau da dama gwargwadon duhun da ake so, sannan a kai wa mabuga su buge shi har ya yi sheƙi. Karofi da yawa sun bushe saboda rinin zamani da yadin waje sun kwashe kasuwa, don haka ya kyautu ka nemi izini kafin ɗaukar hoto, ka kuma sayi ko ɗan ƙyalle ne, domin sana'arsu ce suke ci da ita.

Daga nan sai Gidan Makama, wanda aka gina wa Muhammadu Rumfa tun kafin ya hau sarautar Kano a 1463, yanzu kuma gidan tarihi ne mai ɗauke da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni da kayan yaƙi da hotunan zamanin zuwan Turawa. A nan ma Zamfara ta shigo cikin labarin. Lokacin da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, Sarki Alu yana kan hanyar dawowa daga Sakkwato, kuma a Kwatarkwashi, kusa da Gusau, rundunar Kano ta yi karo da su har Waziri Ahmadu ya rasa ransa. Idan ka faɗa wa yara cewa dutsen da suke hangowa a hanyar Gusau a nan aka yi wannan gumurzu, ina ganin za su saurari mai yi musu bayani da kunne biyu. Gidan Rumfa, wato fadar Sarki, yana daura da shi, sai dai ba a shiga ciki haka kawai, ku wadatu da kallon Ƙofar Kudu, ku yi azahar a Babban Masallaci, wanda gininsa na yanzu na zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne.

Kasuwar Kurmi, wadda ita ma a zamanin Rumfa aka kafa ta, tana gaba kaɗan, da rumfunan dukawa da masu kayan doki da turare. Lungunanta suna rikita baƙo, saboda haka ka roƙi ƙanenka ya raka ku. Gidan Ɗan Hausa kuwa, inda Hanns Vischer, Baturen da ake yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, ya kauce wa wannan hanya, amma a matsayinka na malami za ka iya keɓe masa safiyar ranar komawa.

Ku bar Dala sai bayan la'asar, idan rana ta yi sanyi. Akwai matakala har sama, kuma daga can za ku hango Goron Dutse da hasumiyoyin masallacin da kuka baro, ka kuma ba su labarin Barbushe da Tsumburbura a inda aka ce abin ya faru. Ka riƙe hannun ƙaramin sosai a kan dutsen, ku sauko kafin magariba. Idan da hali kada ku sa wannan yawo ranar Juma'a, domin hanyoyin da ke kewaye da masallaci da fada suna cushewa tun kafin azahar.