Ƙaramar kyamarar da ba a cire mata ido: za ta jure Sakkwato?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne, ina zaune a Mabera, nan cikin Sakkwato. Shekara biyu ke nan ina ɗaukar hoto da waya, yanzu kuma raina ya biya ga ƙananan kyamarorin nan da ba a canza musu ido, wato gilashin gaba (lens), irin su Fujifilm X100 da Ricoh GR da nake gani a TikTok. Wana zai dawo daga Dubai bayan Sallah, ya ce in faɗi wadda nake so. Burina in riƙa ɗaukar gari da mutane, in hali ya yi kuma in taɓa aikin biki Asabar da Lahadi don kuɗin su dawo. Sun dace da ni? Kuma da gaske sun fi waya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Buri biyu ka haɗa a tambayarka, kuma kyamarar nan ɗaya kawai za ta iya cika maka. Na yawo cikin gari, ba ta da na biyu. Na biki kuwa, cire shi daga lissafi tun yanzu, zan zo kan dalili.

Fara da sanin abin da za a kawo maka. Fujifilm ta fito da X100 ta farko a 2011, kuma har zuwa X100VI ta 2024 idon bai sauya tsawo ba: milimita 23, wanda a lissafin tsohon fim daidai yake da 35 (in lambar ta yi ƙasa, idon ya fi faɗin gani), mai buɗewa har f/2, wato ma'aunin ƙofar da haske ke shiga, ita ma in lambar ta yi ƙasa ƙofar ta fi girma. Ricoh GR III ta 2019 idonta ya fi faɗi, daidai da 28, yana buɗewa f/2.8, sai ƙanwarta GR IIIx ta 2021 mai daidai da 40. Babu zum a ko ɗaya. In kana son abu ya matso, kai ne za ka taka ka je gare shi. Akwai wasu ƙananan da su ma ba a cire musu ido amma suna zum, irin Sony RX100 da Canon G7 X, sai dai sensarsu, wato farantin da haske ke sauka a kai ya zama hoto, ƙarama ce, kimanin milimita 13 da 9. Ta Fujifilm da Ricoh kuwa kusan 24 da 16 ce, irin wadda ke cikin manyan kyamarori da yawa.

A nan amsar tambayarka ta biyu take. Sensar waya ba ta kai wannan girma ba, shi ya sa wayar ke cike giɓin da lissafin kwamfuta: ta ɗauki hotuna da dama a ƙiftawar ido, ta haɗe su, ta goge fuska, ta ƙara launi. In iyakar hoton ita ce sitatus ɗin WhatsApp, wallahi da wuya wani ya gane bambanci, don manhajar ma matse hoton take yi sai in ka tura shi a matsayin fayil. Bambancin yana fitowa ne bayan magariba, ko cikin zaure mai duhu, ko ranar da ka wanke hoton a takarda babba. Nan za ka ga zaren aikin hula ɗaya bayan ɗaya, fatar dattijo kuma ta fito fata, ba kamar an shafa mata man kaɗe ba.

Yanzu ga abin da masu bidiyon TikTok ba za su gaya maka ba, don ba a ƙarƙashin hazonmu suke zaune ba: ƙura. Mutane suna ɗauka tunda ba a cire idon, ƙura ba ta da hanyar shiga. Gaskiya ne ta fi wuyar shiga, amma in ta shiga, kai ma ba ka da hanyar bin ta. Babbar kyamara in ƙura ta hau sensarta, ka cire ido, ka hura iska, cikin minti biyu an wuce wurin. Wannan sai an warware ta da sukudireba. Ricoh ce ta fi wannan lalura, saboda idonta fitowa yake in ka kunna, ya koma in ka kashe, kuma kowace fita da komawa kamar zugazugin maƙeri ne, tana jan iska da abin da ke cikin iskar.

Na ɗanɗana da kaina. Wani hunturu na yi wata biyu ina yawo da irinta a aljihun kaftani, babu jaka babu komai, ina jin daɗin yadda ba ta da nauyi, don ba ta wuce giram 260 ba. Wata safiya na je bakin kogin Rima na ɗauki masunta, sararin sama fari fat saboda hazo. Da na buɗe hotunan a kwamfuta sai ga ɗigo biyu a sama ta hagu, a wuri guda cikin kowane hoto, kamar ƙuda ya mutu a kan gilashi. Na goge gaban idon har na gaji, ashe abin yana can ciki. Sai da ta yi tafiya zuwa wajen wani mai gyara a Legas, ta yi makonni, ta dawo da tabon sukudireba a gindinta. Laifina ne, ba na kowa ba. Aljihu ma'ajin ƙura ne da burbushin zare, ga ɓawon goro in kana ci.

Saboda haka in ka ce Ricoh, ka saya mata ƙaramar jaka mai zif tun ranar farko, kada ka kunna ta a bayan kabu-kabu, kada ka kunna ta in iska ta taso. Fujifilm X100V da X100VI sun fi sauƙi ta wannan fuska, domin jikinsu a toshe yake, amma da sharaɗi: sai ka ɗaura zoben da kamfanin ya yi mata a gaban ido, ka sa filta ta kariya mai milimita 49 a kai, sannan toshiyar ta cika. Ka gaya wa wanka ya haɗo da su a sayayya ɗaya, don neman su a nan gari wahala ce. Ya haɗo da ɗan famfon robar nan na hura iska. Kullum ka fara hurawa kafin ka goge, kuma kada ka goge da gefen riga; ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, in ka murza ta a kan gilashi kankare shi take.

Sai zafi. Takardar da ke zuwa cikin kwalin waɗannan kyamarori ta ce a yi aiki da su tsakanin digiri 0 zuwa 40. Kai ka san Afrilu da Mayu a Sakkwato, arba'in ɗin nan wucewa muke yi mu bar ta a baya. Hoto ɗaya-ɗaya ba ya damun ta, amma bidiyo mai tsawo zai sa ta yi gargaɗi ta kashe kanta. Abin da ke kashe ta da gaske shi ne mantuwa a cikin motar da aka rufe a rana. Batir ma ƙarami ne: na GR III hoto wajen 200 yake ɗauka a gwajin kamfani, na Fujifilm ya fi haka amma ba zai kai ka dare ba in kana yawan duba allo. Biyu na ƙari ba almubazzaranci ba ne. Alherinta ɗaya, ana cajin su ta USB, don haka fawa bankin da kake caja waya zai rufa maka asiri in an ɗauke wuta.

Da ka kiyaye waɗannan, sai daɗin. Hasken garin nan yana da wuyar sha'ani. Tsakar rana ka tsayar da mutum baƙi cikin farar babbar riga da rawani, kyamara sai ta rikice: in ta bi rigar fuska ta nutse, in ta bi fuskar riga ta ƙone, aikin ɗinkin ya ɓace. X100 tana da makamai biyu da aka yi kamar don mu. Na farko filta ce a cikinta mai rage haske mataki huɗu a V da VI, wadda ke ba ka damar buɗe ido sosai ko rana na tsaka. Na biyu, ƙyauren da ke buɗewa ya rufe lokacin ɗauka a cikin idon yake, ba gaban sensa ba, saboda haka filashi na iya tafiya da shi ko a gudu mai yawa. Sai ka auna haske a kan rigar, ka bar ɗan ƙaramin filashinta ya cike inuwar da ke ƙarƙashin rawani. GR III ba ta da filashi a jiki, wannan kuma ka sa shi a ma'auni. Amma mafi sauƙi duka, ka fita bayan asuba ko bayan la'asar. Hazon da muke tsoro saboda ƙura kuma shi ne yake tace rana ya ba da haske mai taushi da masu situdiyo ke kashe kuɗi su kwaikwaya.

Ido mai faɗin 28 ko 35 yana tilasta maka kusantar mutum, taku biyu ko uku, kuma a garin nan ba a kusantar mutum haka babu sallama. Na taɓa tsayawa wajen wani dattijo badukku yana yankan jar fatar akuya, wuƙa a hannu, allura a baki. Ya ɗago ya dubi abin da ke hannuna ya ce, "Wagga 'yar aba ita ad da hoto?" Muka yi dariya, na zauna a kan benci muka gaisa, na tambayi aiki, sai da ya koma kan fatarsa ya manta da ni sannan na ɗauka. Da babbar kyamara ce mai ido kamar bututu, da ya gyara zama ya daskare, ko ya ce daga wace hukuma. Bayan mako na kai masa hoton a takarda, yanzu ko yaushe na bi ta layin sai an ba ni wuri. Ƙanƙantarta da rashin ƙararta ba lasisin satar hoto ba ne. Mata, sai da izininsu. A Hubbaren Shehu da harabar fadar Sarkin Musulmi ka tambayi masu kula da wurin tukuna. Shingen jami'an tsaro kuwa ko a mafarki kada ka ɗaga ta.

To, biki. Wurin kamu ko walima kana buƙatar fuskar amarya daga nesa yayin da 'yan uwa suka yi mata rumfa, bayan daƙiƙa biyar kuma kana buƙatar dangi talatin a hoto guda. Ido ɗaya ba ya yin duka biyun. Akwai dabarar yanke tsakiyar hoto, X100VI mai megafiksel 40 tana yanka zuwa daidai da 50 ko 70, amma yanka ne, ba zum ba. Memori ɗaya take ɗauka, in ya lalace bikin mutane ya tafi, kuma ba a sake ɗaura aure don mai hoto. Ga kuma halin mutanenmu: uwar amarya ta biya kuɗi ta ga ka shigo da abin da bai fi tafin hannu ba, kafin ta ga hoto ta riga ta yanke hukunci. Hawan Sallah ma haka, in ba cikin dawakin kake ba, mahayi zai fito maka kamar tururuwa. In neman kuɗi ne gaba, kuɗin X100VI, wadda ta fito a kan dala 1,599 kuma saboda rububi aka riƙa sayar da ita sama da haka, zai saya maka babbar kyamara ta hannu da ido biyu da filashi, har da canji.

In ta hannu wanka zai sayo, ya yi gwaji ɗaya kafin ya biya. Ya rufe ido zuwa f/16, ya ɗauki farin bango ko sararin sama, ya faɗaɗa hoton a allo ya bi shi kusurwa-kusurwa. Duk ɗigon da ya gani ƙura ce a ciki, ya ajiye musu abarsu. Ya kunna ya kashe sau da yawa yana saurare, kada ido ya riƙa ƙugi ko tsayawa a hanya.

Ni da za a tambaye ni tsakanin biyun don zaman Sakkwato, Fujifilm zan ce, saboda toshiyar jiki da filashi da kuma tagar leƙawa, wadda za ka gode mata ranar da hasken rana ya hana ka ganin allo. Amma tunda akwai sauran lokaci kafin Sallah, yi wannan tukuna: babban idon wayarka faɗinsa kusa yake da na GR III. Ka yi mako biyu kana ɗauka da shi kaɗai, kada yatsanka ya taɓa zum, ka zaga Tsohuwar Kasuwa da Kanwuri da bakin gulbi. In ka dawo da hotuna goma da kake so, kira wanka ka faɗa masa suna. In kuwa kullum yatsan yana ƙaiƙayin jawo abu kusa, RX100 ce taka.