Fatawa: Tallafin gidauniya da ya haɗa zakka da sadaka, ko za a biya haya da albashi da ragowarsa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Muna da ƙaramar ƙungiyar kula da marayu a unguwar Zariya, nan Maradi. Wani attajiri ya kafa gidauniya da dukiyarsa, duk shekara tana raba tallafi ga ƙungiyoyi irin tamu. Bana ta ba mu sefa miliyan 4, aka rubuta a takarda: abincin marayu da gina rijiya a wani ƙauye wajen Madarumfa. Sakataren gidauniyar ya faɗa mana da baki cewa rabin kuɗin nan, zakkar Alhaji mai gidauniyar ce. An gama rijiya, kuɗi sun yi saura, ga mai gida yana bin mu hayar ofis, ga samari biyu masu yi mana aiki ba a sallame su ba. Ma'ajinmu ya ce mu biya daga ragowar, mu ƙara farashin siminti a rasit don lissafi ya daidaita. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka muku da alheri a kan riƙon marayu.

Da farko, ɗan'uwa, kuɗin nan ba naku ba ne. Ku wakilai ne, shi kuwa wakili ba ya ƙetare inda aka tsayar da shi. Allah ya ce a farkon Suratul Ma'ida a cika alkawurra, Annabi (SAW) kuma ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Abin da aka rubuta a takardar, shi ne iyakarku.

Sai dai maganar sakataren ta raba kuɗin gida biyu, kowane da hukuncinsa.

Zakka tana da masu cinta takwas da aka jero a aya ta 60 cikin Suratut Tauba. A mazhabar Malikiyya dole a damƙa ta ga mai haƙƙi ta zama mallakarsa. Ba a gina masallaci ko gada da ita, har Shehu Halil a littafinsa na fiƙihun Malikiyya, Muhtasar, ya ce ba a gina ganuwar gari ko a ƙera jirgin ruwa da ita. Rijiya, duk da girman ladanta, tana cikin wannan sahu. Na san Imam Razi ya naƙalto daga Ƙaffal cewa wasu malamai sun faɗaɗa “fi sabilillahi” ya game duk aikin alheri, amma mazhabobi huɗu ba su tafi a kan haka ba, ni ma ba na ba da fatawa da shi a garin da ake shiga damina rumbuna babu komai. Saboda haka rabin da yake zakka a kai shi hannun masu riƙon marayun, matuƙar marayun matalauta ne, don maraici shi kaɗai ba ya halatta cin zakka. Rijiya a lissafa ta cikin rabin da yake sadaka. In kun riga kun zuba zakka a cikinta, ku sanar da Alhaji, domin wannan kason bai sauka daga wuyansa ba. Madarumfa ba ta kai nisan da ake ƙasarun salla daga Maradi ba, don haka babu damuwar ɗauke zakka daga garinta.

Samarin naku fa? Wasu kan ce ai su ne “masu aiki a kanta” da ayar ta ambata. Waɗancan su ne waɗanda shugaba ya naɗa don karɓar zakka da rabonta. Wanda mai dukiya ya wakilta, ladan aikinsa yana kan mai dukiyar, daga aljihunsa. Amma in ɗayansu matalauci ne, ana iya ba shi don talaucinsa, ba a madadin albashi ba.

Ragowar sadaka kuwa hanyarta gajeriya ce: ku rubuta wa gidauniyar, ku faɗi adadin da ya rage da bashin da ke kanku. In ta yarje, ku biya haya da albashi, halal ne. In ta ƙi, ku mayar ko ku ƙara a abincin marayu.

Ƙarin farashi a rasit haramun ne. Ƙarya ce da cin amana, ko da ba wanda ya sa dala ɗaya a aljihunsa. Annabi (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu.

Ina da magana da masu gidauniyoyi su ma, don sau da yawa su ne ke tura mutanen kirki ga wannan hali. Za ka ga an ba da kuɗin rijiya, an ɗauki hoto a bakinta, amma man babur ɗin yaron da ya yi ta zirga-zirga yana duba aikin ba a sa ko jika ɗaya ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya yi waƙafin gonarsa ta Haibara, ya sharɗanta cewa mai kula da ita ya ci daga cikinta gwargwadon abin da aka saba. Ku ware kason ɗawainiya daga sadaka tun a takardar yarjejeniya, ku kuma rubuta nawa ne zakka, nawa ne sadaka, kada a bar wa bakin sakatare.

Wallahu a'alam.